Kafin ka leƙa ciki, ba ni makullin motarka

Duk wanda ya shigo filin da nake sana'a a bayan garin Leeds, ɗaki yake fara nufa. Ya tura ƙofa, ya danna katifa, uwargida ta murɗa famfo ta ɗaga murfin murhu, yara su haye gado. Ni kuwa ina can tsaye kusa da motar da suka zo da ita, ina jira a miƙo min makulli.

Sana'ata saye da gyara da sayar da ƙananan ɗakunan nan ne da ake ɗaura wa mota a baya, waɗanda Turawan Ingila ke kira karaban. Mu a gida tafi-da-gidanka muke ce musu. Walda da gyaran bodi na koya a Ƙofar Ruwa, a Kano. Da na zo ƙasar nan sai na samu aiki a hannun wani dattijon Bature mai wannan sana'a, da ƙarfinsa ya ƙare na sayi kayan aikinsa. Yanzu mu uku ne: ni, da wani yaro mai aikin waya da gas, da matata da ke riƙe da lissafi. Manyan ɗakuna ba na taɓa su. Nawa ƙanana ne, na masu Polo da Fiesta da Golf, mutanen da ba za su sake mota don hutun mako biyu ba.

Abin da nake nema a motar wani ɗan allo ne, galibi a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Lamba ta farko ita ce iyakar nauyin motar da kayanta. Ta biyu iyakar nauyin motar haɗe da abin da take ja. Ka cire ta farko daga ta biyu, ka ga abin da kamfanin ya yarda ka ja. Wani lokaci wurin lamba ta biyu fayau yake, musamman a wasu ƙananan motoci masu haɗa fetur da batir. Irin wannan ko amalanke ba a yarda ta ja ba, kuma ba ni da abin da zan sayar wa mai ita sai haƙuri.

Amma ko allon ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Shi dai ya ce injin da kuloci za su iya tayar da wannan nauyi a kan tudu. Bai ce komai ba game da ranar da tirela za ta wuce ka a guje iskarta ta bugi ɗakin. Shi ya sa ƙungiyoyin masu karaban na ƙasar nan ke ba sabon shiga shawarar kada ɗaki cike da kaya ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Shawara ce, ba doka ba, amma a filina doka ce. Mota mai kilo 1,200, ɗakinta ya tsaya wajen kilo 1,020. Da wannan lissafi kaɗai fiye da rabin abin da ke kasuwa ya fita, sai ka koma kan irin su Eriba ƙanana na Jamus, ko Freedom da ake ƙerawa a Poland da roba mai zaren gilashi, waɗanda ba su kai kilo 1,000 ba.

Bara wani likita ɗan gida ya zo da iyalinsa. Mutanenmu sun fara gane daɗin abin: ka dafa abincinka ba ka tambayar mene ne a ciki, ka shimfiɗa darduma ba mai kallonka, ga otal da tsada lokacin hutun makaranta. Idonsa ya faɗa kan wani mai gado huɗu da banɗaki. Na duba motarsa na ce ba za ta yi ba.

Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, kai da ka fito daga Kano? Golf nawa ka gani da buhuna har kan rufi, ga fasinja biyu a gaba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gani, ni ma na sha yi musu waldar ƙasa. Amma buhu a kan mota yake zaune, inda ta juya nan ya juya. Wannan kuwa a bayanka yake, da tayoyinsa da ra'ayinsa."

Ya tafi bai saya ba. Ranar matata ba ta yi min magana ba sai bayan la'asar, don kuɗin hayar fili na jiranmu.

Ra'ayin nan da na ce, shi ne abin da muka fi tsoro. Ɗakin ya fara kaɗa wutsiya hagu da dama kamar maciji, kowace kaɗawa ta fi ta baya, har ya fara juya motar. Yawanci lodi ne sila. Mutum ya jibge kaya masu nauyi can ƙarshen ɗaki, hancin, wato gaban da ake ɗaurawa a ƙugiyar mota, ya yi sakayau. Ƙa'ida ita ce nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya kai kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin, ba tare da ya wuce abin da ƙugiyar za ta ɗauka ba, wanda a ƙananan motoci bai cika wuce kilo 50 zuwa 75 ba. Da sikelin banɗaki da guntun katako nake auna wa mutane a gabansu. Mai nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi. Ruwa kuma a zubar kafin a tashi, lita 40 kilo 40 ce, ga batir, ga tukunyar gas, ga rumfa. Idan ya fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari daidai, kada ka taka birki da ƙarfi. Tun Disamba 2021 aka cire jarrabawar ja ta musamman a Ingila, mai lasisin mota na iya jan har kilo 3,500. Ni ban ji daɗin wannan ba. Yanzu duk wanda ya saya sai mun zaga da shi, ya koyi ribas, in tuna masa mil 60 a awa ne iyakarsa a babbar hanya, 50 a ƙarama, kuma dole ya ɗaura ƙarin madubi.

Ta ɓangaren saye kuwa, abokin gabana laima ne. Ƙasar nan ruwa ba ya hutu. Ya samu tsaga a bakin taga ko inda rufi ya haɗu da bango, ya shiga ya zauna cikin katako shekara da shekaru, waje na ƙyalli ciki ya zama dusa. Da hanci nake fara gwaji. In na ji ƙamshin turare ya yi yawa a ɗakin da ake son sayar min, na san akwai abin da ake rufewa. Sai in fito da na'urar auna laima in bi kusurwa-kusurwa, in ta haura kashi 20 cikin 100 sai a sake ciniki. Farkon fara sana'ata na taɓa sayen wani da yamma, ana yayyafi, ina sauri. Da na ɓare bangon baya, da hannu na riƙa kwashe katakon. Na ci wata biyu a kansa, ban mai da kuɗina ba. Taya ma na yaudara: zanenta sabo fil don ba ta yawo, amma ta tsufa a tsaye. In ta shekara biyar nake canzawa. Lambar da aka zana a tagogi kuma sai na bincika ta a CRiS, rajistar karaban ta ƙasar nan, don ana satar ɗakunan nan sosai.

Kasuwa daga Maris take buɗewa, ta yi zafi kafin hutun bazara, zuwa Oktoba ta mutu. Da sanyi nake saye da araha, in shiga rumfa da hita ina ɓare tsohon danƙo ina sa sabo, yatsu na ƙagewa.

Likitan nan ya dawo a watan Afrilu, da motar dai. Ya ɗauki ƙaramin Freedom, ya haɗa da rumfar da ake kafawa a gefe don yaran su kwana. Da na ɗora hancin a sikeli ya yi sakayau, muka buɗe muka tarar Hajiya ta tura buhun shinkafa da tukwane ƙarƙashin kujerar baya. Muka dawo da su tsakiya, allura ta hau kilo 55, suka kama hanyar Wales.