Kafin a sauke giyar jif ɗinka

Garejina yana ta wajen Kurna idan ka miƙo titin Katsina, ni da yara biyar da wani mai wayarin da muke rumfa ɗaya da shi. Da can kowane irin aiki karɓa nake, birki ne, kuloci ne, inji ne, amma yanzu kusan duk abin da ake kawo min giyar otomatik ce da matsalar fowil, wato tsarin da ke sa duka tayoyi huɗu su ja mota, wanda wasu ke ce wa ogzilari. Kuma yawanci tsofaffin jif ne, Prado da Pajero da Pathfinder da 4Runner, waɗanda suka gama wahala a Amurka ko Turai aka shigo da su ta Kwatano ko Legas, suka zaga hannu uku huɗu kafin su iso wajen mai su na yanzu. Irin motocin nan jikinsu ƙarfe ne na gaske, shi ya sa mutum ba ya son rabuwa da su, amma ranar da giya ta fara wasa sai ka ga dattijo ya rasa barci.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwar Dawanau da ya kawo min 4Runner bara bayan babbar sallah. Tun daga bakin titi na ji yadda take tahowa, inji na ta kuka mota na jan ƙafa kamar an ɗaura mata tirela. Ya fito ransa a ɓace ko sallama da ƙyar ya yi. Ya ce malam giya biyu ke nan, ta farko wani bakanike ya ce ta mutu, aka je aka sayo Beljiyam aka ɗora, ko gyara fakin ba a yi ba ciwon ya dawo yadda yake, yanzu kuma wai wannan ɗin ma ba ta da kyau a sake sayo wata. Na ce ranka ya daɗe, da aka canza ɗin ciwon ya sauya ko kaɗan? Ya ce ko ɗis. Na ce to Alhaji zauna ka sha ruwa, da wuya giya biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su kamu da cuta iri ɗaya a rana ɗaya.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne giyar otomatik ta motocin nan ba ita kaɗai take yanke hukunci ba. Akwai birenbos, wato ƙwaƙwalwar lantarki ta mota, da ke sauraron sensoci, gudun mota nawa, totur nawa aka taka, zafin mai nawa, sannan ya aika wuta zuwa ƙananan solonoyid da ke cikin giyar su buɗe wa mai hanya ko su rufe. Idan birenbos ya ga wani abu bai yi masa ba sai ya janye hannunsa, giyar ta tsaya a lamba ɗaya, ta uku ko ta huɗu ya danganta da irin motar, don dai ka lallaɓa ka kai gareji. To ka yi tunanin jif mai nauyin kusan tan biyu tana tashi daga tsaye da giya ta huɗu. Dole ta yi nauyi, dole mai ita ya ce ta mutu, alhali suma ta yi.

Na jona kwamfuta, lambar da ta fito ta nuna layin wutar solonoyid ne a yanke. Solonoyid ɗin kuwa ai sun tafi da tsohuwar giya, waɗannan wasu ne daban, abin da bai canza ba shi ne wayar da ta taso daga jikin mota. Muka tura ta kan rami, abokin aikina ya shiga da mita da tocila yana bin damin wayoyin yana lanƙwasawa a hankali, can sama da giyar kusa da inda salansa ta wuce sai ga wajen da kilif ya karye damin ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, roba ta narke, wayoyi biyu sun tsinke ɗaya saura ƙiris. Aka yi soda, aka naɗe, aka ɗaure nesa da salansa, na goge lambar, muka hau titi ni da Alhaji har wajen Dawanau muka juyo, tana canzawa lafiya lau ɗaya bayan ɗaya. Bai ce komai ba duk hanyar, carbi kawai yake ja.

Ba wai kwamfutar ce ta yi aikin ba fa, nan ma ana yaudarar mutane. Tun 1996 duk motar da aka yi don kasuwar Amurka tana da soket ɗin nan na jona kwamfutar gwaji da ake ce wa OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, yanzu kuwa kowane yaro ya sayi ɗan abin jonawa ya haɗa da wayarsa ya zama injiniya. Lamba ta fito P0720 sai a ce sensa ce a sayo sabuwa, alhali abin da lambar ke faɗi shi ne saƙon sensar gudun ba ya isowa daidai, ko sensar ce, ko soket ɗinta ne ya sha mai da ƙura, ko ɓera ne ya ci waya, don motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi ɓera ba ya ƙyale ta. P0700 kuma da wasu motocin ke nunawa ba ta ce komai ba illa je ka tambayi ɓangaren giya akwai magana a can. Lamba unguwa take nuna maka, gidan kai za ka nemo da ƙafarka.

Ni kafin ma kwamfuta mai nake fara dubawa. In mai difstik ce na zaro na ɗiga a farar takarda, inji na aiki, mota a daidaitaccen waje. Ja mai haske lafiya. Ruwan ƙasa ya tsufa. Baƙi mai ƙaurin ƙonannen tuwo, to fayiba, wato faifan kulocin da ke cikin giyar, ta fara ci, sai na kwance tiren ƙasa na duba mayen ƙarfen da ke ciki, ɗan laushin baƙin gari ba komai ba ne, amma in na ga ɓarɓashi yana ƙyalli ko guntayen fayiba a filta, a nan ne kaɗai nake buɗe baki na ce a sauke. Wasu Toyota masu giya biyar ba su da difstik sam, ta ƙasa ake auna man kuma sai zafinsa ya kai wani mizani, wanda bai sani ba sai ya zuba da ka, ko ya yi kaɗan ta riƙa zamewa ko ya yi yawa ya yi kumfa. Sai kuma maganar irin man. Wata T-IV take sha, wata WS, Nissan na da nata Matic, tsofaffi sosai Dexron, amma sai ka ga an je bakin titi an ce a ba ni jan mai, kamar duk abin da ya yi ja ɗaya ne. Ga jabu ya cika gari, galan mai kyau hatimi mai kyau, ciki Allah kaɗai ya san mene ne. Ni mutum ɗaya nake saya a wajensa a Ƙofar Ruwa shekara da shekaru, ko ya fi tsada ba na canzawa.

Nima na taɓa cin kuɗin makaranta, kada a ce ina ta zagin wasu. Wata Pathfinder ce ƙirar 2006 ta wata Hajiya, tana karkarwa in ta ɗau gudu, na buɗe na ga man ya zama wani iri kamar an dama fura da nono an tsiyaya zoɓo a kai. Na san ruwa ne ya shiga, amma da yake lokacin damina ne watan Agusta kuma ta ce direbanta ya ratsa ruwa da ita, sai na ɗauka ta nan ya shiga ban ƙara bincike ba. Muka ɗora wata giyar, sati uku ba a yi ba ta dawo da irin furar nan. Ashe lagireto ne. A cikinsa akwai bututun da man giya ke bi yana hucewa, a Pathfinder ɗin 2005 zuwa 2010 sananniyar cuta ce bututun nan ya fashe ruwa da mai su haɗu, ga birenbos ɗin giyar a cikinta yake zaune tare da man, ruwa na shiga shi ma ya tafi. Hajiya ta ce malam kai na ba wa amana ba lagireto ba. Gaskiyarta. Daga aljihuna na biya rabin wata giyar, watan nan sai da na ci bashin kuɗin hayar fili. Tun daga ranar in na ga irin motar nan ko gaisuwa ta kawo mai ita sai na buɗe murfin lagireto na leƙa, kuma ina ba su shawara a raba hanyar a sa wa giyar kula tata ta sanyaya mai daban a gaba, don zafin Kano na Afrilu a cikin go-silon Kantin Kwari ba ƙaramin abu ba ne ga man giya. Masu zuba ruwan rijiya a lagireto kuma ku ji tsoron Allah, tsatsa ta ciki take ci.

Ɓangaren fowil shi abin dariya ne wani lokacin, don mafi yawan masu jif a garin nan ba su taɓa sa shi ba tunda suka sayi motar. Shekara uku ana Zoo Road zuwa Bompai, ranar da za a je ƙauye ɗaurin aure mota ta kafe a yashi sai a tuna da maɓallin, a danna, fitila ta hau ƙiftawa ba ta tsaya ba. Ƙaramar na'urar lantarkin da ke tura giyar fowil ɗin ta daskare, giris ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar ƙwan gishiri. Sau da yawa kwancewa muke mu wanke mu sa sabon giris mu goge inda wuta ke taɓawa ta tashi. A Pajero kuwa mai 2H, 4H, 4HLc da 4LLc, in fitilun tayoyin gaba na ƙiftawa abin da nake fara bi shi ne siraran tiyon iskan nan da solonoyid biyun da ke haɗa aksil ɗin gaba, roba ce, zafi ya busar da ita ta tsage, tiyon da bai kai tsawon hannu ba ya sa an ce wa mutum tiransifa, wato giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, ta lalace. Shi ya sa nake ce wa kwastomomi ko sau ɗaya a wata a sami hanyar ƙasa a sa fowil a ɗan yi tafiya. Kuma giyar ƙarfi ta L sai an tsaya cak an sa a N take shiga, ba ana tafe a finciko ba.

Akwai kuma masu akasin haka, a kulle fowil a manta a hau kwalta. Sai ya zo ya ce sitiyari na yin tauri a kwana, mota na tsalle taya na kuka. A yashi taya na iya zamewa ta huce, a kwalta babu inda ƙarfin zai je sai cikin farfela, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi zuwa tayoyi, da tiransifa. Haka taya, gaba sabuwa baya sulɓaɓɓiya ko lamba daban saboda ita mai faci ya samu, mai fowil na dindindin irin Prado ba ta son wannan ko kaɗan. Wani abin mamakin ma, ɗan suwic ɗin da ke gaya wa birenbos an shiga L in ya maƙale sai giyar otomatik ta riƙa canzawa a inda bai kamata ba, ka ga ciwo a fowil kuka a giya. Sai masu jan mota da igiya daga Wudil har Kano inji a kashe, famfon mai ba ya juyawa ciki na ta gurzuwa a bushe, mota ta tsaya saboda fiyus ta iso gareji da mutacciyar giya ta gaske. A ɗora ta a kan motar ɗauka ko a kwance farfela, aikin minti ashirin ne.

Shi Alhajin Dawanau da muka dawo gareji ya tambayi kuɗin aiki na faɗa masa, ya dube ni ya ƙara tambaya ko bai ji daidai ba, don ko kuɗin man da aka zuba a giyar Beljiyam ɗin bai kai ba. Na ce masa Alhaji ina tsohuwar giyar da aka sauke, a kawo ta mu ajiye, lafiyarta ƙalau kuma na fi yarda da ita a kan wannan da ba mu san tarihinta ba. Ya ciro waya ya kira wancan garejin a gabana ya sa a sifika. Aka ce ai tun satin da aka sauke ta yara suka sayar wa 'yan gwangwan, a kilo.