Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yarinyar Kohl

A makon jiya na tsaya a inda na samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci a Hamburg. A ɗakin girkin akwai wata 'yar talabijin a saman firji, maiƙo duk ya dusashe gilashinta. A cikinta na fara ganin Angela Merkel, a 1994, lokacin da shugaban gwamnatin Jamus Helmut Kohl ya ɗauke ta daga ma'aikatar mata da matasa ya ba ta ta muhalli. Mace ce mai sanyin jiki, kafaɗa a sunkuye, 'yar limamin coci da ta tashi a Jamus ta Gabas. Kohl kansa “yarinyata” yake ce mata. Ina riƙe da soso na ce wa abokin aikina wannan ba inda za ta je. Da bakina na faɗa, har yau ina jin kunyar maganar.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta gajiya da cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A Disambar 1999, da badaƙalar kuɗin gudummawa ta dabaibaye jam'iyyarsu ta CDU, manya da yawa suka kama bakinsu. Ita ce ta rubuta a jaridar Frankfurter Allgemeine cewa dole jam'iyya ta koyi tafiya ba tare da Kohl ba. Afrilun 2000 ta karɓi shugabancin jam'iyyar, Nuwambar 2005 ta zama shugabar gwamnati, ta yi shekara 16.

Duk wannan ina ba da labarinsa ne saboda Yaya Babba. A shekarun nan ya aiko mini wasiƙa daga Damagaram, wai kuɗin makarantar da nake turo wa 'yar farina zuba ruwa ne a rariya, gara a yi mata aure. Na kwana uku da wasiƙar a aljihu, saura ƙiris in amince. Maganar Inna ce ta hana ni, ɗan hakin nan dai.

Da Merkel ta je Yamai a 2016, yarinyar ta riga ta zama malamar asibiti, ita ta bugo mini waya tana ba ni labarin zuwan. Yaya kuwa, yanzu duk Juma'a ita ke auna masa hawan jini, amma bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Wasiƙar tana nan a ƙasan akwatina, ban yaga ta ba.