Tabarmar Baba maigadi da ɗan jirgina

Laraba, bayan sallar isha'i.

Tun da hantsi nake cikin siririn lungun da ke bayan ɗakin gwajinmu, ina fama da ɗan jirgin nan marar matuƙi mai farfela huɗu, wanda bai fi tafin hannu ba. Abin da nake so shi ne ya tashi da kansa, ya tsaya cak a sama, sannan ya bi lungun har ƙarshe ba tare da ya gogi bango ba. Da yake saƙon GPS ba ya ratsa rufin kankare yadda za a dogara da shi, jirgin ba ya sanin inda yake sai ta 'yar kyamarar da ke ƙarƙashinsa, wadda ke lura da yadda daɓe ke wucewa, da kuma na'urar leza mai auna tsayinsa daga ƙasa.

Sau uku yana tashi, sau uku yana sulalewa hagu har ya daki bango. Na ɗora laifin a kan lissafina, na ɓata awa biyu ina sauya alƙaluma a kwamfuta, kafin na durƙusa na dubi daɓen da kyau: tayil ne fari fat, sumul, yana sheƙi, babu ko ɗigon da kyamara za ta riƙe ta gane cewa jirgin ya gusa.

Na je wurin maigadi na ce, "Baba, don Allah a ara mini tabarmar nan." Ya miƙo mini yana murmushi, bai tambayi dalili ba. Ina shimfiɗa ta da ratsinta ja da kore, jirgin ya tashi ya tsaya a kanta kamar an rataye shi da zare.

Kunyar da na ji ta ragu da na tuna Ingenuity, ɗan helikwaftan hukumar NASA ta Amurka, wanda ya fara tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu, 2021. Shi ma da kyamarar da ke kallon ƙasa yake gane hanya, kuma a tashinsa na 72, cikin Janairun 2024, rairayi marar alama ne ya rikita shi har farfelarsa ta lalace.

Da la'asar na yi gangancin ɗaga jirgin kusa da silin. Iskar da farfela ke zuƙowa daga sama ta rasa sarari, silin ya janye shi ya manne, ya faɗo farfela ɗaya ta tsage. Na mayar wa Baba tabarmarsa kafin magariba, na kuma roƙe shi ya sake ara mini gobe da safe.