Ruwan Gurara da ka tafiya Abuja ba inji

Jama'a na dawo Sakkwato lafiya, ƙafafu dai har yanzu ba su yafe mani ba. Aikin taswira yak kai mu dam ɗin Gurara a kudancin Kaduna, anka ce mu bi bututun da ka ɗaukar ruwa daga nan zuwa dam ɗin Usuma wajen Bwari, wanda Abuja ka sha. Hanyar Gusau da Funtuwa kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Sai dai wani mai kaki a shingen hanya da yag ga na'urar GPS cikin jakata yat tsaya kai da fata wai kayan leƙen asiri ne, nic ce ranka ya daɗe awon ƙasa mukai, yac ce awon ƙasar wa? Ga takarda a hannunai bai ko buɗe ta ba, sai da direba yas san yadda yay yi da shi.

Daga Jere munka ratse. Abin da yab ba ni mamaki, bututun ga tsawonai kilomita 75, faɗinai mita 3, keke napep na iya shiga ciki da fasinja, amma kana tsaye bisanai ba ka ganin komi don an binne shi. Ɗakunan siminti masu murfi muka nema, na bisa tudu iska sunka fitar, na cikin kwari wurin zubar da laka ne in za a wanke. Kowane munka iske sai mu ɗauki lambar wurin da tsayinai, da dare mu zuba a kwamfuta mu aza bisa hoton tauraron ɗan adam. Da layin yaf fito na daɗe ina kallo, Gurara ta fi Usuma tudu, ruwan da kainai yaka gangarawa, babu inji babu jiran wuta. Mu kuwa a Sakkwato ruwan dam ɗin Goronyo sakinai akai cikin gulbin Rima, rana ta sha nata yashi ya sha nashi, abin da yar rage sai an turo shi da inji, in babu wuta sai 'yan garuwa, jarka kullum ƙara kuɗi takai.

Wani ƙauye mai unguwa yas sauke mu, yac ce Malam baƙon Sakkwato ba ya kwana da yunwa, anka kawo doya da manja har munka kasa tashi. Matan Gwari kuma a kafaɗa suka ɗaukar kaya ba a kai ba, nag gane su da robobi suna tahowa daga rafi, alhali ruwan Abuja na wucewa ƙarƙashin gonarsu. Abin ya tsaya mani a rai wallahi. Citta kuwa arha kamar banza, rabin buhu nis saye, mai cittar ko tayi na biyu ba ta jira ba.

Usuma mun iso a gajiye, ga duwatsu ga matatar ruwa, hoto ma an hana. Abuja kwalbar ruwa a otal ta kusa kuɗin abincin rana a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, da asuba nik kama motar gida.