Turkudin da ke zuba

Rini da bugu na gada wurin mahaifina a nan Kura, yanzu yara bakwai ke aiki a rumfata. Turkudi muke yi da rawani ɗan Kura. Masaƙa su kawo siraran saƙa, a ɗinke su wuri guda, a yi ta tsomawa a karofi, wato marina, har ya yi baƙi wuluk. Daga nan sai hannun mabuga: a barbaɗa garin shuni, a yayyafa ruwa, a ɗora kan gungume a yi ta duka har ya soma ɗaukar ido.

Bara wata Hajiya daga birni ta dawo mini da kaya ranta a ɓace. Ta nuna mini wuyanta ya yi shuɗi, ta ce, "Malam, ai kayan naka zuba yake yi." Na mayar mata da kuɗinta. A makon da ta zo ɗin wani Buzu daga Agadas ya zo sari. Shi kuwa babban yatsa yake gogawa a jikin ƙyallen, in bai tashi da shuni ba ya ture shi gefe. A wurinsu shuɗin da ke kama fata ado ne.

Babban yarona, da ya ɗan yi boko, ya ce, "Ka gani ko, Baba? Kyau ra'ayi ne kawai, kowa da nasa."

Ban yarda ba. Cikin guda goma da na baje musu, Hajiya da Buzun nan iri ɗaya hannunsu ya fara kaiwa, wanda sheƙinsa ke juyawa ja-ja kamar wuyan tantabara in rana ta haska shi. Ba su san juna ba, ba kuma ni na nuna musu ba. Saɓaninsu a kan zubar ne, wannan kuwa sabo ne da al'ada. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai idon ma koya masa ake yi. Na shekara biyar ina bugu kafin in fara ganin abin da mahaifina ke gani, shi da ko daga zaure yake jin ƙarar bugu ya ce aikin bai nuna ba.

Na ɗauko rawani biyu, na bugun yaron da na tsohon mabuginmu, na ce ya zaɓi wanda zai naɗa ranar Sallah. Ya juya su a rana, ya yi murmushi, ya ajiye nasa.