Wasiƙa zuwa Damagaram: ina saiwar hukuncinmu kan luwaɗi da maɗigo?

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na Birni da Zango. Daga Faransa muke rubuto muku, inda ake yawan tare mu da wannan tambaya, har ta sa muka zauna tonon saiwarta.

Ta farko nassi ce. Kalmar luwaɗi kanta daga sunan Annabi Luɗu (AS) aka ciro ta, saboda aikin mutanensa. Ƙissar ta zo a Suratul A'araf, aya ta 80 zuwa 84, ta sake zuwa a Hudu da Shu'ara da Namli da Ankabut. Sai fiƙihu. Duk wanda ya karanta Risala, littafin fiƙihu na Ibn Abi Zaid, a zaure ya san matsayin Malikiyya kan luwaɗi: jifa, ko mutum ya taɓa aure ko bai taɓa ba. Abu Hanifa kuwa bai sa shi cikin haddi ba, ta'aziri ya ce, alƙali ya auna. Haka ma Ibn Hazm na Andalus. Mazhabobi huɗu ba su saɓa kan haramcin aikin ba, a kan horon suka rabu.

Ga inda ake tuntuɓe. Fiƙihu aiki yake hukuntawa, ba abin da ke ƙunshe a zuci ba. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya nuna an yafe wa al'umma abin da rai ya raya, muddin ba a aikata ko an furta ba. Tabbatar da aikin kuma sai da iƙirari ko shaidu huɗu adilai da suka gani da idonsu. In uku suka tsaya, na huɗu ya yi inda-inda, bulala 80 ta ƙazafi kan ukun za ta sauka. Risalar nan dai ta ce wanda ya kira wani ɗan luwaɗi, a yi masa haddi. Wannan layin, abin mamaki, ba a cika jin sa a majalisar shayi ba. Mai yaɗa hoton wani a WhatsApp bisa zato ya duba Hujurat aya ta 12.

Al'ada ma tana da nata kaso. A wajenmu aure da haihuwa ne ke cika mutum, shi ya sa ko gwauro bai tsira daga tsiyar 'yan tashe ba. Amma garuruwan Hausa sun daɗe da 'yan daudu, masu tuya a tasha da hidimar biki, wasunsu kuma a harkar bori. Daudu salon magana ne da rangwaɗa, ba shaida ba ce a gaban alƙali.

Sai dokar Nasara. Faransa ta cire wannan laifi daga kundinta a 1791. Ingila kuwa ta rubuta sashe na 377 na kundin laifuffuka, mai hukunta aikin, a Indiya a 1860, irinsa ya bazu a ƙasashen da ta mallaka. Shi ya sa Kano ta gaji sashe na 284 na kundin laifuffukan Arewacin Najeriya mai ɗaurin da ya kai shekara 14, alhali kundin Nijar na 1961 bai ambaci aikin tsakanin manya a ɓoye ba, sai in da wanda bai kai shekara 21 ba. Harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, iyaka ce kawai a tsakani. Masu cewa Turawa suka kawo aikin da masu cewa Turawa suka kawo ƙyamarsa, duk su tuna Ibn Abi Zaid mai Risala ya rasu a 996, Faransawa kuwa sai 1899 suka kama Damagaram.

A gaida mutanen kasuwar Dole.