Telan dogarai: ɗinkin ja da kore a Argungu

Shagona a Argungu yake, kuma abin da aka san mu da shi kayan dogarai ne: babbar riga ja da kore, 'yar ciki, wando da rawani. Muna ɗinka kaftani da jamfa kamar kowane tela, tunda ba kullum ake naɗin sarauta ba, amma duk wanda ya shigo unguwarmu ya tambayi telan dogarai, ƙofarmu za a nuna masa. Aiki yana zo mana daga gidajen hakimai na ƙasar Argungu, daga Birnin Kebbi da Jega, wani lokaci har daga Yauri.

Mutane da yawa, har da teloli 'yan'uwana, sun ɗauka ai ba wani abu ba ne: ka sayo jan yadi da kore, ka tsaga, ka haɗa, shi ke nan. Mai wannan tunani bai taɓa tsayawa ya kalli dogari a bakin aikinsa ba. Ka lura da abin da ke faruwa idan sarki zai sauka daga doki ko mota, ko zai zauna, ko rawaninsa ya ɗan goce ana son gyarawa. Kafin ka ƙifta ido dogarai sun zagaye shi, kowa ya kama bakin rigarsa ya buɗe hannuwa, riga ta haɗu da riga, sun zama katanga. Ba a ganin sarki cikin halin da bai kamata a gan shi ba. To idan rigar mutum ɗaya ta gaza faɗi, kafa ta samu, kuma a yau da kowane yaro ke riƙe da waya, kafa ɗaya ta isa a ɗauki hoton da fada ba za ta so ba.

Shi ya sa awonmu ya bambanta da na sauran riguna. Ina sa mutum ya miƙe ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa, in auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa, sannan in ƙara abin da zai kama ya ɗaga sama da kansa. Tsawo kuma ba ya kai ƙasa, don mutumin da zai yi gudu a gefen doki ba ya son abin da zai harɗe shi. Faɗi mai yawa, tsawo daidai, wannan haɗin ne ke ba sababbin teloli wahala, saboda hannunsu ya saba da rigar attajiri wadda ake so ta riƙa sharar ƙasa. Sai batun kauri. Yadi mai shara-shara, in an ɗaga shi rana tana baya, inuwar mutum fes take fitowa. Riga irin wannan ba ta rufe komai ba. Mu muna sa shafi har inda ake ɗagawa, ba a bakin riga kawai ba, kuma kafin riga ta bar shago sai na sa yaro ya ɗaga ta a rana, wani ya tsaya a baya, ni in duba.

Akwai wurare da rigar dogari take fara mutuwa: ƙarƙashin wuya, bakin aljihu, kafaɗar da hamilar takobi ke goga, da duk inda ja ya gamu da kore. A cikin cunkoson hawan Sallah ana jan rigar nan ta ko'ina. Wannan yana son ya matso ya kai gaisuwa, wancan an turo shi, doki ya yi baya. Don haka kowace gaɓa sau biyu muke bi da keke, mu kalmashe ta ciki yadda zare ba zai tsiyaye ba, wuya da aljihu kuma da allurar hannu ake ƙarasa su. Layukan ja da kore dole na gaba su haɗu da na baya a kan kafaɗa, ba ɗaya ya wuce ɗaya. Wanda bai sani ba ba zai gane abin da ya sa wata riga take cika ido wata kuma take kama da faci ba, amma tsohon dogari daga nesa zai faɗa maka.

Wurin kawuna na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Tsohon keken Singer na ƙafa yake da shi, wanda har yau yana shago kuma shi nake hawa in za a ɗinka wuri mai kauri, don kekunan wuta na yanzu suna tsallake zare in yadi ya ninku da yawa. Na daɗe ba a bar ni na taɓa almakashi ba. Kalmasa, guga da dutsen gawayi, sai zaren allura idan idonsa ya gaji. Ranar Sallah kuwa, maimakon ya sake ni in bi yara, sai ya kama hannuna mu tafi ƙofar fada. Ni hankalina na kan dawaki da masu algaita, sai in ji ranƙwashi. "Kai yaro, ba doki nic ce ka duba ba. Dubi rigar wancan, mi ag gare ta?" In ce ban gani ba, Kawu. Sai ya nuna mini yadda take tattarewa a hammata idan mutumin ya ɗaga hannu, ya ce telan ya yi rowar yadi. Haka muke tsayawa har a watse, shi yana karanta riguna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini wadda za ta ga wata Sallar da wadda ba za ta gani ba.

A shagonsa ne kuma na ji tarihin aikin, domin tsofaffin dogarai nan suke zama suna jiran kayansu, hira kuwa ba ta ƙarewa. Kafin zuwan Turawa, dogari shi ne hukumar da talaka yake gani da idonsa. Shi ke tsaron sarki da ƙofar fada, shi ke kamo mai laifi ya kai gaban alƙali, in an yanke hukunci ya miƙa shi hannun Yari, shi ke kai saƙo ƙauye, shi ke raba rigima a kasuwa. Sarkin Dogarai ke shugabantarsu. A masarautu da dama bayin sarki ne ke riƙe da wannan aiki, ɗa ya gaji uba, kuma akwai hikima a ciki: mutumin da ba shi da haƙƙin gadon sarauta ba ya kwana yana lissafin ranar da gadon zai faɗo masa, don haka ana iya ba shi amanar bayan sarki. Jan launin ma aiki yake yi. A tsakiyar kasuwa, cikin farare da shuɗɗan riguna, ana hango shi tun daga nesa, mai gaskiya ya ba da hanya, mai kashi a gindi ya san inda dare ya yi masa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe dogarai ba, sai suka sa su cikin tsarin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa, suna kamu, suna rakiyar masu karɓar haraji. Daga shekarun 1920 aka fara kafa 'yan doka masu yunifom da fareti, aikin ɗan sanda ya riƙa komawa hannunsu. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Janar Gowon, aka haɗe 'yan sandan En'e da na tarayya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara raba sarakuna da mulkin yau da kullum. Abin da ya rage wa dogari shi ne inda ya faro: jikin sarki da tsarin fada. Shi ke cewa hattara idan akwai tudu ko gangare, shi ke gyara wa mai gaisuwa zama, kuma idan ka faɗi ka yi gaisuwa, daga bakinsa za ka ji an gaishe ka, don sarki ba ya ɗaga murya. Masu cewa yanzu ai ado ne kawai, su tuna Janairun 2013, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, amma cikin waɗanda suka rasa rayukansu har da dogaransa da suka kare shi da jikinsu. Tun daga ranar nake ƙara jin nauyin abin da nake yankawa a kan teburin nan.

Kwanaki wani yaro cikin masu koyo ya nuna mini a waya masu gadin fadar Sarkin Ingila, da jar kwat da doguwar hular gashin nan, ya ce me zai hana mu matse tamu haka ta fi kyau. Na ce su tsayuwa da maci aka ɗinka wa tasu, kuma ta dace da aikinta. Ka ba ɗaya daga cikinsu sarki ya rufe da waccan kwat mu gani.

Mu nan Argungu sarauta ba baƙuwa ba ce. Daga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daularmu ta Kabi, da birninsa na Surame aka faro, kuma wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta, wanda tsohuwar fada ce, zai ga makamai da kayan yaƙin da kakanni suka riƙe. Bikin kamun kifi kuwa ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Duk shekarar da aka yi bikin, sarakuna na zuwa daga ko'ina, kowa da dogaransa, kuma a bakin Matan Fada, kogin da ake kamun kifin, ne tela yake ganin aikinsa kusa da na wasu. Nan ne na fara lura ba kowace fada ke jera launukanta iri ɗaya ba: wata layinta manya ne, wata sirara, wata tana da nata haɗin daban. Saboda haka ba na yi wa kowa zane daga kaina. A kawo mini tsohuwar rigar gidan, ko da ta yage, in bi sawunta.

Babban ciwon kaina shi ne jan yadi. Ja launi ne mai zuba. Dogari yana yini a rana, gumi ya jiƙa shi, ƙura ta hau, gobe a wanke. In yadin ba na kirki ba ne, wanki ɗaya jan zai malale cikin koren, koren ya koma wani launi da ba shi da suna, farar 'yar cikin da ke ƙasa kuma ta tashi daga aiki. Zamanin kawuna, lokacin da masaƙun Kaduna da ta Gusau ke aiki, ka san abin da ka saya. Yanzu mafi yawa daga waje yake shigowa, kuma suna ɗaya ne a bakin yadi amma kaya iri-iri. Da kaina nake zuwa Kantin Kwari a Kano, in yanki ƙyalle, in jiƙa shi da ruwan sabulu, in murza a kan farin ƙyalle. In ya bar ko alama, na bar shi, ko nawa aka rage mini. Akwai wani dillali da na daina hulɗa da shi saboda wannan: samfurin da ya aiko lafiya lau, da bandir ya iso sai ga wani abu daban, ga Sallah ta matso. Na kira shi, wai ai duk ja ne, Alhaji. Na mayar masa da kayansa a motar da ta kawo su. Rawani ma haka: yadinsa daban ne, mai laushi amma ba mai santsi ba, don mai santsi ana fara sassarfa zai warware.

Sai masu kwaikwayo. Yanzu da bukukuwa suka yi yawa, kowane ango yana son a bi shi da laima da mutane biyu masu jajayen riguna, sai wasu teloli suka samu kasuwa. Yadin labule, ɗinki ɗaya, ba shafi, a kwana ɗaya an gama shida. Can su ƙarata da 'yan biki, amma abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗauko farashinsu a kawo mini. Wakilin wani hakimi ya zo ya ce, "Malam, an yi mana tayi rabin naka." Na ce, "Ranka ya daɗe, a je a ɗinka, amma a ajiye lambata." Araha ba ta ado. Bayan ƙaramar Sallah sai ga shi da riguna a buhu, kafaɗu sun buɗe, ja ya shiga kore, wai a gyara. Abin da ya zuba ba ya gyaruwa, sababbi muka yi, kuma tun daga nan gidan ba su sake zuwa wani wuri ba.

Ni kuma ba na ɗinka wa mutum wannan kaya sai na san dogarin wa ne. Wanda ya sa ja da kore ya shiga kasuwa, ana ba shi hanya ne don gidan da ya fito, kuma ba na son rigar da ta fita daga hannuna ta zama abin damfara ko tsoratar da mutanen ƙauye. An sha yi mini fushi a kan haka, har da wani ɗan siyasa da ya so a yi wa yaransa goma sha biyu. Na ce ya kawo izini daga fada, bai dawo ba.

Ga masu son aiki: kayan ƙaramar Sallah a kawo su kafin azumi ya raba, na babbar Sallah kuma tun watan Shawwal, don ba na karɓar abin da zan yi cikin gaggawa. A turo mai rigar da kansa a auna shi, ba a aiko da awo a takarda ko a waya ba, kuma ya zo da takobinsa da hamilarsa in ga kafaɗar da yake ratayawa. Rigar da muka ɗinka in ta samu yagewa a wurin hawa, a dawo da ita, muna ajiye ragowar yadin kowane gida daban saboda facin ya zo launi ɗaya.